Amaryar da Na Sayo wa Ɓeran Masar

Jama'a, salamu alaikum. Yau digirina na kimiyyar dabbobi ya sha ƙasa a tsakar gidanmu, a gaban mahaifiyata, Hajiya.

Kun san ɓeran Masar ɗina, Ango. Da safe na sayo masa mata a kasuwa don in fara kiwo, na raɗa mata suna Amarya. Ina saka ta a keji, ƙarfe goma da minti bakwai daidai, faɗa ya kaure. Haƙora na kaɗawa, gashi na tashi. Na sa hannu in raba, aka cije ni. Ban tabbatar da wanda ya yi cizon ba, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi ba.

Hajiya ta ce, "In suka kai la'asar a haka, kyautar da su zan yi."

Ina cikin yi mata bayanin cewa sababbin ma'aurata sukan buƙaci lokaci, sai ga Mama Saraya, mai kawo mana daddawa daga Rijau. Ta ɗaga Amarya, ta kwantar da ita rigingine, ta danna da yatsa.

"Ɗana, wannan amaryar taka ai ƙaton namiji ne. Raba musu ɗaki."

Na raba kejin da katako, gida ya yi tsit, kiwona ya tsira daga barazanar Hajiya.

Hajiya ta dube ni. "Shekara biyar a jami'a, ba a koya muku duba ƙarƙashi ba?"

Na ce, "Hajiya, a gyara. Shida ne, har da yajin aiki."