Shekarar da Aka Yi Wa Kududdufinmu Feshi

Shekarun baya, tun ina zaune a ƙauyenmu kafin neman abinci ya kawo ni birni, wani abu ya faru a gidanmu wanda har yau ba mu cika tayar da zancensa ba idan mun haɗu. Yau dai zuciyata ta ce in ba ku labarin.

A bayan garinmu akwai wani babban kududdufi. Kakanninmu ne suka haƙa shi sannu a hankali garin ɗibar ƙasar gini, har ya zama ruwan da yake kaiwa wata daminar bai ƙafe ba. A nan dabbobin gari suke sha, a nan ake buga tubali, masu ɗan lambu su ja ruwa, ga tarwaɗa da karfasa na mai rabo. Rijiyar burtsatse ɗaya ce a garin, da ƙyar take isar mutane, balle a yi zancen dabba.

Aibin kududdufin nan kainuwa. Da kaka ta yi sai ta rufe fuskar ruwan ruf. Don haka duk shekara, bayan an kai amfanin gona gida, mai unguwa yakan sa a yi shelar gayya. Maza su shiga da manjagara da igiya, a janyo kainuwar bakin gaɓa, a tara ta ta bushe, mai so ya kwasa ya kai gonarsa. Idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, a sake fitowa a yashe lakar gefe. Ni dai, in faɗa muku gaskiya, ban taɓa zama jarumin wannan aiki ba. Tsoron matsattsaku nake kamar raina zai fita. Kullum ni ne mai tsayawa a tudu ina cewa, "Ku miƙo, ni zan kwashe," ina ta haki kamar na fi kowa wahala.

To amma ba matsattsaku ne kaɗai abin gudu ba. Bayan kowace gayya sai an samu waɗanda suka kama tsargiya suna fitsarin jini. Ga shi samari sun fara watsewa, da an girbe gero sai kowa ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani. Shekarar da nake ba ku labari an yi shela, an sake yi, waɗanda suka fito yawancinsu dattawa ne, suka ɗan taɓa suka gaji. Kainuwa ta yi kaurin da ba a taɓa gani ba. Sauro ya hana mutane sakat, aka fara ganin macizai a bakin ruwa, akuyar wata tsohuwa ta taka ta ɗauka ƙasa ce, ta nutse.

Sai aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Wani dattijo mai faɗa a ji a garin ya ce shi ya ga abin da ya fi sauƙi. Maganin nan da ake kashe ciyawa da shi a gona, ana sayar da shi a kasuwar Tsanyawa, me zai hana a fesa wa kainuwar a huta? Nan take wuri ya ɗauka. Kowa ya ce wannan ita ce shawara. Daga nan idanu suka koma kan yayana, domin shi ne mai famfon feshi a garin, shi ake ɗauka yana yi wa mutane feshi a gonakinsu.

Yayana mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a gona na saba. Ban taɓa fesa ruwa ba, ban san yadda zai kasance ba."

Dattijon nan ya yi dariya ya ce, "Haba yaro, ciyawa ai ciyawa ce, ko a tudu ko a ruwa."

Yayana ya dubi mahaifinmu. Baba ya ce, "Tunda jama'a sun nema, ka yi musu."

Aka yi karo-karo aka sayo magani. Mai unguwa ya sa aka hana dabbobi sha na ɗan lokaci. Yayana ya ɗaure jarkoki ya ɗora katako a kai ya hau kamar kwalekwale, ya goya famfonsa, ya bi ruwan nan lungu-lungu bai bar ko'ina ba. Cikin 'yan kwanaki kainuwa ta yi yaushi, ta koma ruwan ɗorawa, ta fara nutsewa. Fuskar ruwa ta buɗe. Ba zan manta irin albarkar da aka sa masa ba. A masallaci ana miƙa masa hannu bibbiyu. Tsofaffi suna aiko masa da gyaɗa. Har ni na samu rabona, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa, ƙanin mai feshi.

Wari ne ya fara zuwa. Kainuwar da ta nutse ta soma ruɓewa a ƙasa, ruwan ya yi baƙi. Wata safiya muka tarar da kifi sun taso sama suna buɗe baki, washegari sun juya farin ciki sun cika gaɓa. Mai unguwa ya hana a ci, aka kwashe aka binne. An yi 'yan gunaguni, amma aka ce ai kifi ne, damina za ta kawo wasu. Bayan wani lokaci warin ya lafa, ruwan ya ɗan washe, aka mayar da dabbobi mashaya, ba abin da ya same su. Muka ɗauka an wuce wurin.

Da zafin bazara ya kankama sai ruwan ya koma kore shar, kamar an kwara fenti. Wani kumfa mai kauri ya taso, iska tana turo shi gefe guda, gefen nan kuwa shi ne mashaya. Gansakuka ba baƙuwarmu ba ce, mun saba ganinta, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Baba yana da shanun huɗa guda biyu. Tun suna maruƙa ya raine su, da hannunsa yake ba su dusa da kanwa, ba ya yarda wani ya ɗaga musu sanda. Da su muke huɗar gonakinmu, da su yake yi wa mutane aiki, su ne suke jan amalanke a kai taki. Duk abin da gidanmu yake taƙama da shi a turken nan yake. Ran nan da hantsi shi da kansa ya kai su suka sha. Kafin azahar na ji muryar mahaifiyata tana salati a tsakar gida. Na fito a guje na tarar da babban yana karkarwa, yawu na dalala, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Muna kansa ƙaramin ya durƙusa.

Labari ya kai wa mahauta, sai ga su da wuƙaƙe. Ɗayansu ya ce, "Baba, a yanka tun da sauran numfashi, kada su yi mushe. Ko yaya ne za ka rage asara."

Baba yana tsugune, kan babban san a cinyarsa. Bai ɗago ba ya ce, "Abin da ya kayar da sa, shi zan sa a tukunyar mutane? Ku mayar da wuƙaƙenku."

Haka muka zauna muna kallo har suka daina motsi. Kafin la'asar kuka ya tashi a gidaje da dama. Maƙwabcinmu, wani dattijo Kirista abokin Baba tun na yarinta, wanda katanga ɗaya ta raba mu, tumakinsa kusan duk suka tafi. Duk da haka shi ne ya fara shigowa da magirbi ya taya mu haƙa ramin da muka binne shanun.

Malamin dabbobin da aka ɗauko ya duba ruwan, ya ce a killace shi nan take. Ya yi mana bayani cewa ba maganin ne ya kashe dabbobin kai tsaye ba, shi ya daɗe da gushewa. Kainuwar da aka kashe gaba ɗaya aka bari a ciki ita ta ruɓe ta zama taki, takin ya haifar da wata irin gansakuka mai dafi da take tashi lokacin zafi. Ya ce ko da za a yi feshi, ba da maganin gona ba, kuma yanki-yanki ake yi, ana kwashe matacciyar ana fitarwa. Duk wannan bayanin, kalma ɗaya mutane suka riƙe: feshi.

Aka sake taruwa a ƙofar gidan mai unguwa, wurin da aka zauna wancan karon, mutanen nan dai. Dattijon da ya kawo shawarar shi ya fara magana. Ya ce shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta ba, wanda ya san aikin ai shi ya kamata ya hana. Wani ya ce yaron ya cika maganin ne don ya burge. Wani ya ce a tambaye shi me ya haɗa a ciki. Na kasa daurewa na miƙe na ce, "Ashe ba dukkanmu muna nan aka yanke ba? Ashe bai ce bai taɓa fesa ruwa ba?" Aka daka mini tsawa aka ce in zauna, manya na magana. Na zauna. Yayana yana zaune kansa a ƙasa har aka watse.

Daga ranar ba wanda ya sake ɗaukarsa feshi. Idan ya doso majalisa sai hira ta mutu. Matarsa ta je ɗibar ruwa a burtsatse ta dawo tana hawaye, wai an ce ta matsa da bokitinta. Mahaifiyata takan kai masa tuwo da kanta, ta zauna ta ce, "Ci abinci, ɗan nan. Wanda ya sani ya sani." Ya ɗan taɓa ya ture.

Wata safiya na gan shi ya ɗauki manjagara ya nufi bayan gari. Na bi shi. Ya tuɓe riga ya shiga ruwan nan mai wari har ƙugu, ya fara janyo ruɓaɓɓiyar kainuwa da baƙar laka yana fitarwa shi kaɗai. Mutane suna wucewa suna kallo. Can sai ga maƙwabcinmu, tsohon nan da tumakinsa suka ƙare, ya naɗe wando ya shiga. Yayana ya ce, "Baba, don Allah ka fita, ruwan nan ba shi da kyau." Tsohon ya ce, "Ranar da aka ce a fesa, ni ma na ce a fesa. Miƙo kwandon." Ganin haka ni ma na runtse ido na shiga, karo na farko a rayuwata. Daga baya wasu 'yan tsiraru suka biyo mu. Muka yi ta yi har ruwan sama ya sauka. Duk jikinmu ya yi ƙuraje, yayana kuma ya kwanta da zazzaɓi da tsargiya, sai da aka kai shi asibiti.

Daminar nan da garmar hannu muka yi huɗa. Masu shanu sai sun gama nasu da na waɗanda suka riga mu kafin su zo kanmu, lokaci kuwa ba ya jira. Baba da shekarunsa ya sunkuya a kunya tare da mu, rabin babbar gonar ma ba mu iya kaiwa gare shi ba. Hatsin da muka samu bai kai mu wata kakar ba. Yayana yana tashi daga ciwo ya koma gona yana aiki kamar mai neman kashe kansa. Baba bai taɓa faɗa masa baƙar magana ba, amma kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Da yamma sai ya je ya tsaya wajen turken da ba kowa, ya daɗe, sannan ya wuce masallaci. Wata rana muna dawowa daga gona yayana ya ce mini, "Wallahi da ma zagina ya yi. Shirun nan ya fi mini ciwo."

Ana gama girbi ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Ungogo, ya kama tuƙin adaidaita sahu. Yakan zo da salla, ya gaida iyaye, ya juya ran nan. Bai sake kwana a garin ba sai da Baba ya rasu, bayan wasu shekaru. A zaman makokin ne mahaifiyata ta kira mu ɗaki ta ce da shi, "Mahaifinku bai taɓa riƙe ka ba. Kullum cewa yake shi ya ce ka yi, kuma shi ya kai su ruwan da hannunsa. Kunyarka yake ji, shi ya sa ya kasa magana." Yayana ya kifa kai a gwiwa. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin kukan nan ba.

Da muka fito waje wajen masu gaisuwa, sai ga dattijon nan mai shawarar feshi, ya tsufa tukuf, ana riƙe da shi. Ya yi addu'a, ya kama hannun yayana ya ce, "Ka dawo gida haka nan. Abin da ya wuce ya wuce, mu ai mun yafe maka tuntuni."

Na yunƙura zan mayar masa da magana. Yayana ya danne mini gwiwa da hannu ɗaya, ya dubi tsohon ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ba da lada."

Kududdufin yana nan, ya warke. Yanzu da hannu ake kwashe kainuwar, kaɗan-kaɗan tun ba ta yi ƙarfi ba, kuma da ruwa ya fara kore a bazara ake zagaye mashaya da ƙaya. Garin ya koyi darasinsa a kan ruwa. Abin da ban tabbata ya koya ba shi ne na mutane. Ni dai tun daga lokacin, duk inda na ga taro ya haɗa baki ya tura mutum ɗaya gaba, sai gabana ya faɗi, domin na ga yadda "mu yi" take komawa "shi ya yi" ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na kuma daina yarda cewa shiru kullum haƙuri ne. Mutum biyu masu ƙaunar juna, kowa yana ɗauke da laifin a kansa don ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa, suka yi shekaru suna gaisawa sama-sama, har ƙasa ta rufe ɗaya. Allah ya jiƙan Baba. Yayana yana nan lafiya, 'ya'yansa sun girma, amma har yau idan an tambaye su garinsu, Ungogo suke cewa.