Yaya Sabi'u da Burtu Mai Jan Ƙaho

Duk wanda ya taɓa zama da Yaya Sabi'u a shagon shayin da ake kira mamak a unguwar Pantai Dalam, a ƙasar wajen da muke karatu, ya san yatsan nan nasa. Kana tsakiyar magana sai ya ɗaga shi, ya karkata kunne wajen taga. Ko farfesansa ne ke bayani, dole ya jira tsuntsu ya gama kuka. Ni Bashir, ƙaramin ɗalibi mai tsohuwar mota, haka kawai na wayi gari direbansa, ba wanda ya nemi shawarata.

Mahaifinsa tsohon maharbi ne a Nguru. Yaya ya taɓa gaya masa a waya cewa a ƙasar nan akwai burtu mai jan ƙaho da farar jela, wanda a saman itatuwa yake rayuwa. Tsohon ya ce, "Sabi'u, boko ya fara taɓa ka." Aka tura masa hoton intanet, ya ce kowa ma zai iya zanawa, shi sai wanda ɗansa ya ɗauka da hannunsa. Tun daga ranar Yaya bai sake hutawa ba.

Duk watan Maris, lokacin da tsuntsaye 'yan ci-rani ke shirin komawa arewa, mukan hau dam ɗin da ke kan tsauni a bayan gari. Masu kallon tsuntsaye duk kore suke sawa, su laɓe cikin ganye. Yaya kuwa farar shadda ce mai guga, har da hula. Wani dattijo ɗan Sin ya matso ya ce, "Tak boleh lah," wato ba a haka, fari na korar tsuntsaye.

"Gaya masa ba yaƙi na zo ba," in ji Yaya. "Ziyara na zo, kuma ba na ziyara da tsumma."

Hotunan ranar duk rassa ne, masu su sun tashi.

Da abin ya ishe shi, sai ya sa aka aiko masa da kan burtu na itace, irin wanda maharban gida ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe har su kusanci nama. Ya lulluɓa baƙin zane, ya shiga ciyawa yana gyaɗa kai. Can sai na ji ƙyas-ƙyas ta ko'ina, manyan kyamarori duk sun juyo.

"Yaya, kai fa suke ɗauka!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ce su turo mini. Aƙalla yau an ga burtu a wurin nan."

Bana ciwon hanta ya kwantar da shi, ya rame sosai. Matarsa, Maman Hanifa, ta ce mini, "Don Allah Bashir, kar ka kai shi dam ɗin nan." Shi kuma ya ce in na ƙi, tasi zai hau. Sai ta ɗauko kujerar roba ta sa a but ɗin motata da kanta.

Yana zaune bakin ruwa, hazo bai gama washewa ba, sai muka ji fukafukai kamar ana bakace. Ga shi nan a kan busasshen reshe, jan ƙaho, farar jela. Yaya ya ɗaga kyamara, ta fi ƙarfinsa, ta faɗo masa a cinya.

"Kawo in ɗauka maka, Yaya."

"Ba hannunka aka ce ba."

Muka zuba wa burtun ido har ya tashi. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa hawaye nake yi.

Ba a daɗe ba Allah Ya yi wa Yaya rasuwa. A nan ƙasar muka binne shi. Ni aka ɗora wa kiran Nguru, kuma ban taɓa jin nauyin waya irin na ranar ba. Tsohon ya yi salati.

"Ɗana, kana tare da shi a dajin?"

"Ina tare da shi, Baba."

"Ya gan shi kuwa?"

"Ya gan shi. Sai dai babu hoto."

"Bar hoton. Sabi'u bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tsokanarsa nake yi don ya riƙa kirana."

Allah Ya jiƙan Yaya Sabi'u, Ya haskaka kabarinsa a ƙasar baƙunta. Ya ba Maman Hanifa haƙuri, Ya sanyaya zuciyar tsohon nan na Nguru.