Ragon Suna da Hannuna na Dama

Har yau in na ji ƙanshin ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa, sai in tarar na dunƙule hannuna na dama ban sani ba. Da shi nake auna hatsi, da shi nake musafaha in ciniki ya faɗa, kuma saura kaɗan in rasa yatsunsa biyar tun ban isa shiga makaranta ba.

A ƙauyenmu ne, ƙasar Kabo, cikin shekarun ostariti, lokacin da sabulu ma sai an bi layi. Innata ta haifi ƙanena bayan girbi. Kowace safiya Kaka, mahaifiyar Baba, takan dafa mata ruwan wankan jego a garwa, ta zuba ganye, tururi ya cika bayan ɗaki. A turke kuma ga ragon suna, wanda Baba ya fara kiwo tun cikin yana ƙarami, don ya san na kasuwa ya fi ƙarfinsa.

Wata safiya an sauke garwar, ni kuwa na biyo kaza da gudu. Na yi tuntuɓe, na kai hannu in dafa, sai ya nutse cikin ruwan har wuyan hannu.

Kaka ce ta fara isowa. Wata maƙwabciya ta ɗebo ruwan randa, Kaka ta daka mata tsawa: "Kul! Ruwa ya ƙona shi, ki ƙara masa ruwa?" Ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa, ta manna gashin zomo, ta haɗe yatsun wuri guda ta naɗe da tsumma. Ba na ganin laifinta. Haka ta taso ta ga ana yi, kuma tana naɗewa hawaye na zuba.

Kafin ranar suna hannun ya soma wari, zazzaɓi ya rufe ni. Baba ya ɗora ni a keke zuwa asibiti a Gwarzo. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu, wata 'yar Filato, ta daɗe tana jiƙa gashin zomon kafin ya rabu da nama. Ta taɓa bayan hannun, na kurma ihu, ta ce madalla. Ta taɓa tsakanin yatsu biyun ƙarshe, inda ya yi fari fat, ban ji komai ba. Sai ta juya wajen Baba.

"Malam," ta ce, "inda yake kuka zai warke. Inda ba ya ji, nan ƙunar ta shiga ciki. Yatsu kuma in aka ɗaure su tare, tare suke mannewa."

A wancan lokacin ko'ina ka je, kai za ka sayo bandeji da man ƙuna da allura, ga wankin ciwo da ba ya ƙarewa. Baba ba shi da abin sayarwa sai abu ɗaya. Yana cikin kwance ragon daga turke Kaka ta tare ƙofa.

"Haka za a raɗa wa jaririn nan suna, ba yanka? Me za mu ce wa dangin uwarsa?"

"Iya, na tambayi liman. Ya ce yanka zai iya jira."

Daga cikin ɗaki Innata ta ce, "A kai shi kasuwa. Dangina ni zan ji da su."

Da goro kawai aka yi sunan, aka sha surutu. A asibiti kuwa yatsa ɗai-ɗai ake naɗe min, aka ce in riƙa buɗewa ina rufewa ko da ina kuka, in ci wake da ƙwai, don a ciki ƙwan yake aiki. Ka san wa ya fi kowa tsanani a kan wannan? Kaka. Takan zaunar da ni a cinyarta da hantsi ta ce, "Buɗe, ɗan nema, rago guda ka ci mana."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, shayi ya kife wa 'yata a ƙafa. Na riƙe ta a bakin famfo, ruwa mai sanyi yana bi har zafin ya fita, tsofaffin gidan suna ta salati. Na hana a fasa ƙurajen, na rufe da ƙyalle mai tsabta, muka tafi asibiti. Yau ita kanta sai ta duba kafin ta nuna maka ƙafar da ta ƙone. Gashin zomo ya yi wuya yanzu, amma man goge baki da baƙin mai sun gaje shi, kuma ɓarnar ɗaya ce.

Ni dai ga lissafina. Ƙaramin yatsana da na kusa da shi sun manne, ba sa lanƙwasuwa, sun tafi da tsumman Kaka. Sauran ukun rago ne ya fanso su. Ƙanena, wanda yanzu yake jan motar hatsina, in ya ga na yi ciniki mai kyau sai ya ce, "Yaya, ragona fa?" Nakan ɗaga masa yatsu ukun in ce, "Ga shi nan, bai huta ba."