Sarkin Ruwan Erdington

Hausawan Birmingham ba sa kiransa Bara'u. Sarkin Ruwa suke ce masa, shi kuma bai taɓa hana kowa ba. Akanta ne a ƙaramar hukuma, yana zaune a unguwar Erdington da matarsa Ruƙayyatu da 'yarsu Jannat mai shekara goma sha biyu. Sarautar daga Yauri ta biyo shi, inda mahaifinsa da yayyensa suke sana'ar fito a kogin Kwara. Abin da ba ya faɗa shi ne, shi aka ware aka sa a boko. Tun yana ƙarami tsohon ya hana shi taɓa filafili, wai kada hannun rubutu ya yi kanta. Duk ƙetarawar da ya yi wa kogin nan a zaune ya yi ta, cikin fasinja, da jakar makaranta a cinya.

A hutun makaranta na bara ya ɗauki hayar wani siririn jirgin ruwa na shan iska a kanal, wato haƙaƙƙiyar hanyar ruwa, na wuni guda, ya gayyaci abokinsa Dokta Sunusi da iyalinsa. Ba a tambayi mai tuƙi wani lasisi ba. Dattijon Baturen da ke kula da jiragen ya nuna masa giya da sandar tuƙi, sannan ya ce zai raka su ƙofar ruwa ta farko, wadda sai an buɗe ta jirgi yake wucewa, ya gwada musu yadda ake buɗe ta.

Sunusi ya kwashe da dariya. "Yau Bature ne zai koya wa Sarkin Ruwa ruwa? Ashe sarautar taka ta baki ce!"

Bara'u ya dubi ruwan, kwantacce, ko ƙirjinsa ba zai wuce ba. Ya ce wa dattijon kada ya wahalar da kansa, shi a bakin babban kogi aka haife shi. Dattijon ya so ya ƙara magana, Bara'u ya tayar da inji.

Ƙofar ruwa da wani hannun ƙarfe ake murɗa ta, akwai kuma 'yar sakata da ake sawa don kada ƙarfen ya juyo da gudu. Bara'u bai san da sakatar ba. Ya tura Jannat ta murɗa, shi yana riƙe da sandar tuƙi ana ɗaukarsa hoto. Hannunta ya gaji, ta saki. Ƙarfen ya juyo ya same ta a baki. Haƙora biyu na gaba suka tafi, aka yi mata ɗinki a leɓe.

A asibiti, bakinta a kumbure, ta ce, "Sorry, Baba. Ni na saki."

Ya shafa kanta. 

Daga ranar Bara'u ya samu sabon aiki. Bayan Juma'a a Sparkbrook, a wajen suna, a group ɗin unguwa, maganarsa ɗaya: a tilasta wa duk mai tuƙa jirgin shan iska ya yi horo ya karɓi lasisi.

"Mota sai da lasisi, babur sai da lasisi. Amma a miƙa wa mutum jirgin ƙarfe mai tsawon bas da yara a ciki, a ce Allah ya kiyaye hanya?"

"Jirgin da mai tafiya a ƙasa yake wuce shi?" Sunusi kan ce. "Ka sa lasisi, irinmu masu fita sau ɗaya a shekara sun haƙura ke nan."

"Su haƙura! Haƙori ba ya dawowa."

A nan Sunusi yake sauya magana, don shi ma ya tuna dariyarsa. Kuma maganar Bara'u ba shirme ba ce, wasu har sun goya masa baya. Ruƙayyatu ce kawai ta taɓa ce masa, tana yanka albasa ba ta ko dube shi ba, "Baban Jannat, so kake a yi dokar da za ta hana ka abin da ka riga ka yi?"

Jannat ta daina dariya sai da hannu a baki. Ko bayan an sa mata haƙoran roba, in aka zo hoto sai ta koma layin baya. Duk wanda ya tambaye ta abin da ya faru, amsarta ɗaya: ita ta saki.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce suna dawowa daga walima, shi da Jannat su biyu a mota, cunkoso ya tsare su a Stratford Road bayan wata bas. A wajen walimar ya sake yin jawabinsa, har ya ce ba wanda ya gaya musu komai. Da ya waiwaya ya gan ta tsaye a bayansa da farantin shinkafa.

Ya rage rediyo. Ya daɗe yana shirya kalmomin, amma da ya buɗe baki tsofaffin ne suka fito.

"Jannat, ba laifinki ba ne, kin ji? Laifin doka ne."

Ta ci gaba da kallon bayan bas ɗin. Ta amsa da Hausarta mai karkata zuwa Turancin Birmingham.

"Na sani, Baba. Ina wurin lokacin da ka ce wa mutumin ba sai ya nuna mana ba."

"Kin ji?"

"Na ji mana. Ina kusa da kai."

"To me ya sa kike cewa ke ce?"

"In na ce kai ne, Uncle Sunusi zai daina ce maka Sarkin Ruwa." Ta ɗan taɓa leɓenta. "And you like it."

Bas ta motsa. Na baya ya danna masa hon, ya sake dannawa. Bara'u yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, hannuwan nan masu laushi, ya kasa sa giya.