Makullin Keken Da Na Tafi Da Shi A Aljihu

Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da 'ya'ya a makaranta, kuma abin da ubansu ya jawo musu ya ishe su. Ku dai sani ni tsohon ɗan sanda ne, tsohon ɗan sandan bogi, kuma tsohon fursuna. Duka ukun a garin nan na Maiduguri na yi su. Amma abin da ya fi ci mini rai ba zaman gidan yari ba ne. Haƙƙin ran wani dattijo ne da na ɗauka da tsakar rana, da kakin gwamnati na gaske a jikina.

A unguwar Dala aka haife ni. Mahaifina wankin hula yake yi a bakin titi, mahaifiyata kuma tana haɗa turaren wuta. Ba mu da komai, amma ba a taɓa nuna gidanmu da yatsa ba. Na shiga aikin ɗan sanda ne a shekarun da garin nan yake cikin tsoro, lokacin da mutum in ya fita kasuwa iyalinsa ba su da tabbacin dawowarsa. Wallahi da zuciya ɗaya na shiga. Ranar da na fara sa kaki, mahaifiyata ta turara shi har sai da abokan aikina suka riƙa kirana ango.

Aka tura ni shingen bincike a wata hanya da keke napep ke yawan bi, don tun da aka hana babur a gari, keke ya zama ƙafar talaka. Shugabanmu a wurin Insfekta Bitrus ne, wani dattijo daga kudancin Borno, mai sanyin magana. Shi in ya tsayar da abin hawa, sai ya leƙa ciki ya gaida fasinjoji kafin ya tambayi takarda. Na sha ganin ya kama direba da lasin da ya ƙare, ya yi masa faɗa kamar ɗansa, ya ce ya je ya sabunta. Na kuma ga ya tsare motar wani mai babbar riga har aka sauke kayanta duka, saboda bai yarda da abin da ke ciki ba. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, doka ta ba ka ikon tsayarwa, ta kuma ba ka ikon sallama. Na biyun ya fi wuya." Na ce to, amma a raina gani nake tsufa ne ke damunsa.

Abin ya fara ne da ruwan leda. Direba zai miƙo ya ce, "Oga, a jiƙa maƙoshi," ga rana kamar ta fasa kai. Wa zai kira wannan cin hanci? Daga ruwa aka koma kankana, daga kankana aka koma na goro. Ban san ranar da na tashi daga mai godiya na koma mai jira ba. Na dai wayi gari in direba ya wuce hannunsa na kan sitiyari kawai, sai in ji kamar ya cuce ni.

Da aka yi wa Insfekta Bitrus canjin wurin aiki, shingen ya koma hannun wani Saje da ba zan ambaci sunansa ba. Shi ya koya mini aikin makulli. Ba ka gardama da direba, ba ka neman laifinsa. Da ya tsaya sai ka zura hannu ka zare makullin keken, ka jefa a aljihu, ka taka a hankali zuwa inuwar dogonyaro, ka juya masa baya. Fasinjoji za su fara mita, rana za ta fara aikinta, shi da kansa zai biyo ka yana lalube a aljihu. Saje ya ce sirrin duka ɗaya ne: kada ka kalli cikin keken, kada ka kalli fuskar kowa, don ido shi ke karya ciniki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin a jima na fi malamina iyawa, har direbobi suka raɗa mini suna Zare. Da na ji, maimakon kunya, daɗi na ji. Aka ba ni igiyar kofur, na yi aure, na sayi waya mai tsada, na fara tafiya kamar titin na gado ne.

Ranar da abin ya faru, bazara ce, ana dab da azahar. Wani keke ya taho da gudu daga wajen Old Maiduguri, ya ɗan gota tayar da muke tarewa da ita kafin ya tsaya. Wannan gotawar kaɗai ta ishe ni hujja. Na zare makulli.

Direban ya ce, "Oga, don Allah, mara lafiya na ɗauko. Asibiti za mu."

Na yi dariya. Maganar nan na ji ta har ta gundure ni, don duk direban da aka kama, in ba mara lafiya ya ɗauko ba, to matarsa na naƙuda. Na ce, "Ai duk Maiduguri asibiti za su yau." Na nufi inuwata.

Sai wata mata ta fito daga keken ta biyo ni. Daga baya na san sunanta Yagana, malamar makarantar firamare ce. Ta ce, "Wushe, sannu Oga. Babana ne a ciki, Ba Modu. Wankin ƙoda ake masa, yau numfashinsa ya ƙi. Ka zo ka gani da idonka." Ta maimaita da Kanuri, ta sake maimaitawa da Hausa. Ni kuwa na kara waya a kunne, ba kowa a layin, na juya mata ƙeya. Taku kaɗan ne tsakanina da keken. Da na waiga sau ɗaya da na gan shi. Amma an koya mini kada in waiga, kuma ni ɗalibi ne mai biyayya.

Tana cikin kwance bakin gyalenta don ta ba ni abin da nake jira, sai muka ji jiniya. Motar sintirinmu ta tsaya, aka ce ayarin wani babban mutum zai wuce, kowa ya hau a je a tare mahaɗar gaba. Saje ya daka mana tsawa, muka yi tsalle muka ɗare. Ina jin matar tana kira, "Oga, makullin!" amma hankalina ya riga ya koma kan kada babba ya same mu ba a wurin aiki ba.

Sai bayan la'asar, na sa hannu a aljihu zan ciro goro, na ji ƙarfe. Abin da na fara tunani, Allah Ya gafarta mini, shi ne gobe direban zai zo nema, kuma zai zo da nauyi.

Abin da ban sani ba shi ne halin da na bar su. Direbobin keke suna da al'adar yi wa juna alama da hannu in ana kamu a gaba, sai kowa ya sauya hanya. Ranar kuwa tun safe muke kamu, don haka titin ya zama fayau, babu keke ko ɗaya. Mu muka kore su da hannunmu. Direban ya tura keken da ƙafa, Yagana na riƙe da kan mahaifinta, har sai da wani mai a-kori-kura ya tausaya ya ɗauke su. Ba Modu ya cika a ƙofar asibiti. Na sani rai na Allah ne, kuma kowa da ranarsa. Amma na kuma san wanda ya zare makulli.

Wata ɗaliba da ke kan hanyarta ta komawa unguwar Mairi ta ɗauki komai a waya. Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga ko'ina: ga ƙeyata, ga matar tana roƙo, ga ƙafar dattijo ta leƙo daga keke. Mahaifiyata a wayar maƙwabciya ta gani. Ba ta zage ni ba, ta dai daina haɗa ido da ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Aka kira ni hedikwata aka zaunar da ni gaban manya. Saje ya rantse bai taɓa ganin ana zare makulli a shingensa ba. Na kalle shi, ya kalli silin. Aka kira Insfekta Bitrus a matsayin wanda na fara aiki a ƙarƙashinsa. Na yi zaton zai rufa mini asiri. Ya ce, "Yaron nan da kirkinsa ya zo. Amma tambaya ɗaya zan masa. Kofur, ka leƙa cikin keken?" Na ce a'a. Ya ce ba shi da sauran magana. Aka kore ni daga aiki.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sai na cika da haushi, ina cewa kowa na yi, ni kaɗai aka kama. Hannuna ya saba da karɓa, wankin hular mahaifina kuma na ga ya yi mini ƙanƙanta. Akwai tsohon kakina da ban mayar ba. Na samu wasu abokan banza biyu, muka riƙa fita bayan gari ranar kasuwa muna kafa namu shingen, muna tare masu kawo wake da gawayi daga ƙauye. Mutanen da rikici ya riga ya cinye su, su muka riƙa tatsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wani direba ya gane fuskata, bai nuna ba, ya ba ni abin da na nema, ya wuce ya dawo da 'yan sandan gaske. Waɗanda suka sa mini ankwa har da wanda muka yi horo tare. Alƙali bai ɓata lokaci ba.

A gidan yari na san abin da ake nufi da roƙon wanda ya juya maka baya. Akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da wani tsoho a ɗakinmu, muka yi ta buga ƙofa muna kiran gandiroba, shi kuwa yana can yana hira, ko waige. Daga baya ya zo, tsohon ya warke. Ni ne ban warke ba. Na zauna a lungu na yi kuka kamar yaro, don a ranar na ji muryar Yagana ta fito daga bakina. Mahaifina ya rasu ina ciki, ban sallaci gawarsa ba. Matata ta yi haƙuri ta riƙe yaran da sayar da ƙosai, abin da ban cancanta ba.

Da aka sake ni, na koma Dala na zauna a inda mahaifina yake zama, na ɗauki sabulu da buroshi. Hular da na raina ita ke ciyar da ni yanzu. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na nemi Insfekta Bitrus, wanda ya riga ya yi ritaya, na roƙe shi ya raka ni gidan Ba Modu. Ya saka hularsa muka tafi. Direban keken mun same shi tun a hanya, ya ce shi ya yafe, Allah Ya kiyaye gaba.

Yagana ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta kawo ruwa. Na durƙusa na ce, "Malama, ni ne. Na zo neman gafara." Ta ce, "Malam, na gane ka, ko da yake ƙeyarka na fi sani. Ranar da ka shanya ni a rana, da roƙon da na yi maka, na yafe duniya da lahira. Amma na Baba ba nawa ba ne da zan yafe. Yana cikin keken yana tambayata me ya sa muka tsaya. Ban san abin da zan ce masa ba. In kun haɗu, kai ka ba shi amsa."

Ƙannena matasa, musamman masu sha'awar sa kaki, ko na ɗan sanda ne ko na wani aikin hanya, ku ji daga bakin wanda ya gani. Aikin ba shi da laifi, kuma akwai mutanen kirki a cikinsa, na zauna da ɗaya na ƙi koyi da shi. Ku kiyayi kyautar farko, don ita ce ba ta kama da haram. Kada ku ce kowa na yi, ranar tambaya kowan nan ba zai tsaya kusa da ku ba. In kun ɗaga hannu kun tsayar da mutum, ku tuna ba ku san abin da ya fito da shi daga gida ba. Ku dube shi, ku saurare shi, ko da mutum goma sun yi muku ƙarya kafin shi. Ku kuma direbobi da fasinjoji, in an zalunce ku kada ku yi shiru, ku kai ƙara inda ya dace.

Hukuncin alƙali na gama shi, gwamnati ba ta bina komai. Ina yi wa Ba Modu addu'a bayan kowace salla, ina sadaka da sunansa in na samu. Amma har yau, ina wankin hula ina juya tambayarsa a raina, ban samo amsar da zan iya ba shi ba.