Gahawar Gindin Kuka

Ni da na tsufa a unguwar Misfala ta Makka, na ga alhazai iri-iri, amma ranar da na sha gahawa a gindin wata kuka ta Kiristoci ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni.

Bayan yaƙin Turawa ne, ni da maigidana Malam muna kan hanyar Makka a ƙafa. Mun baro Kasala, muna neman Musawwa inda ake hawa jirgin ruwa. Kusa da garin Keren muka faɗa wani ƙauye, muka tarar da wata ƙatuwar kuka mai kogo, mata zagaye da ita suna hura wuta. Bahaushe dai in ya ga kuka ya ga mata, ya gama hukunci. Malam ya ja hannuna ya ce, "Ke, bori ne. Kada ki kalla."

Ni kuwa ba a iya hana ni kallo, shi ma ya sani.

Wani tsoho mai kula da wurin ya tare mu da Larabci, wanda muka tsinta a shekarun da muka yi muna cirar auduga a Sudan. Ya ce su 'yan Katolika ne, abin da ke cikin kogon kuma siffar Nana Maryamu ce, mahaifiyar Annabi Isa. Tun zamanin kakanninsa wasu sistoci, matan coci, suka ajiye ta a nan, mutane suka riƙa zuwa ziyara daga nesa. Ya nuna mana wani rami a jikin bishiyar, ya ce bam ne ya huda ta lokacin yaƙi, sojojin da suka ɓuya a ciki ko ƙwarzane ba su yi ba. Tsabtar wurin da natsuwarsu sun burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai na lura da wata mata ita kaɗai, ta miƙo ƙaramin kofi, hannunta na rawa. Tsohon ya ce al'adarsu ce: mai neman haihuwa takan dafa gahawa a nan, in matafiyi ya karɓa ya sha, tana sa ran an amsa mata. Tun safe take zaune, ba wanda ya wuce sai mu.

Malam ya ce, "Ba mu shan abin tsafi."

A lokacin shekarata tara da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Irin kallon da ke idonta na san shi, kullum ina ganinsa a ruwan randa. Na ce, "Malam, gahawa ce, kuma ƙishi nake ji." Na yi bisimilla na shanye, da zafinta, har ta ƙona mini harshe. Matar ta kama hannuna tana kuka, ni ma ban iya riƙewa ba.

Kwana uku Malam bai yi mini magana ba, sai "tashi" da "zauna". Har muka haye teku bai sake tada zancen ba, na ɗauka fushin na nan. Ranar Arfa ina bayansa, ya ɗaga hannu yana roƙa mana zuri'a, sai na ji ya ce, "Ya Allah, da matar nan ta gindin kuka."

Ban san ko ta haihu ba. Ni dai ban haihu ba, kuma na gode wa Allah. Abin da na koya shi ne, addini ya bambanta, amma hawayen mai nema iri ɗaya ne, kuma wanda ya miƙo maka hannu yana rawa ba muhawara yake nema ba.