Tsokar Gadon Baya

Duk hutun makaranta a Bwari muke yinsa, gidan kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya. Ɗan ƙaramin gida ne a bakin gari, bayan katangarsa gonakin doyar maƙwabtanmu Gbagyi, can gaba kuma duwatsu. Da an idar da sallar magariba Iya za ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, ta tono garwashi gefe, ta ɗora ragar waya a kai, mu jikoki mu kewaye ta. Wasu kakannin gyaɗa suke raba wa yara lokacin tatsuniya. Tamu nama take gasa mana, ko da yanka ɗaya ne da za a tsattsaga a sa wa kowa a tafin hannu.

Kafin ta ɗora shi a wuta sai ta kama yatsana ta danna a kan ɗanyen naman.

"Hafsatu, daga ina wannan ya fito a jikin saniya?"

In na ce cinya alhali ba ita ba ce, sai ta ja min kunne. "Ja'ira, yatsa gare ki ko muciya? Cinya da ƙwauri su ke yawo da saniya, sun sha wuya, sai tukunya. Na gashi a bayanta yake kwance, inda ba ya aikin komai. In hannunki bai faɗa ba tukuna, nemi na saman haƙarƙari mai zaren kitse a ciki. Ko kin yi sakaci, kitsen zai rufa miki asiri."

Sai naman ya fara ƙara a kan waya sannan take buɗe tatsuniya da cewa, "To, ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo ta zauna!"

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana, ta wata yarinya 'yar mahauci. Ubanta ya rasu tana ƙarama, amma ta riga ta koyi sanin nama a wurinsa, goggonta da ke auren wani malami a gari mai nisa ta ɗauke ta, mutanen garin duk suka ɗauka 'yar malam ce. Ta girma kyakkyawa, ɗan wani attajiri ya aure ta. Daren da za a kai ta goggo ta ce mata, "Duk abin da kika gani a gidan nan, ki riƙe hannunki. Ba sa haɗa jini da mahauta." Ta riƙe. Har wata rana aka yi baƙi, aka kayar da sa a tsakar gida, ta ga masu aikin sun zaro doguwar tsoka mai laushi daga cikin gadon baya za su daddatse ta tare da ƙwauri a zuba a tukunya ɗaya. Ba ta san lokacin da ta ce "Ku tsaya!" ba. Ta karɓi wuƙa, ta fere farar fatar da ke jikin tsokar, ta yanyanka ta da kauri, ta gasa. Baƙi suka ci suna santi. Uwar mijin kuwa ba naman take kallo ba, hannun amarya take kallo.

Nan Iya take tsayawa. Kullum nan.

"Iya, sai me ya faru?"

"Sai aka ci nama mai daɗi."

"Haba Iya! Ita yarinyar fa?"

"Baƙuwa ta tashi, wuta ma ta mutu. Kowa ya wanke hannu."

Ni da kaina nake ƙarasa ta a kan tabarma kafin barci. A tawa, mijin yakan miƙe a gaban kowa ya ce ko 'yar waye, ita ce hasken ransa. Da na girma na fara aron littattafan soyayya ina ɓoyewa a cikin littafin lissafi, sai na ga ashe ban yi kuskure ba, haka maza suke yi a kowane shafi na ƙarshe.

Iya ta rasu ina jami'a. Na gama, na samu aiki a ofishin wani kamfani a Idu, cikin Abuja, sannan Allah ya haɗa ni da Muktar, yayan ƙawata Fa'iza. Dogo ne, wankan tarwaɗa, mai sanyin murya, yana aiki a ma'aikatar tarayya. In ya kira sunana sai in ji kamar an yayyafa wa zuciyata ruwan sanyi. Manya sun shiga maganar, saura a sa rana. A ƙasar waje ya yi karatu, kuma yakan yi min zancen wani gashin nama mai kauri da ya saba ci a can, sitek, wai a Abuja sai a manyan otal, shi ma ba kullum suke dacewa ba.

Washegarin Babbar Sallah na je gidansu a Gwarinpa taya Fa'iza aiki, don tun muna sakandare nake shiga gidan. Sa suka yanka, ya kwana a rataye. Na tarar masu aikin sun baje shi a kan buhuna suna daddatsewa ƙanana don suya. Ina tsaye ɗayansu ya zaro doguwar tsokar nan ya ɗaga adda.

"Tsaya, Malam!"

Na tsuguna da lallena da komai. Na ce ya ajiye min ita gefe, na sa yatsa na nuna masa inda zai bi ya fitar da ta saman haƙarƙari ba tare da ya yaga ta ba. Ya ɗago ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "Hajiya ƙarama, kin san hanya." Daɗi ya kama ni. Ban lura Hajiya, mahaifiyar Muktar, tana zaune a baranda ba.

A kicin na yanka su da kaurin yatsu biyu, na tsane ruwansu da tsumma mai tsabta, na barbaɗa gishiri da masoro. Na bar kaskon ƙarfe a wuta har ya fara hayaƙi sannan na kwantar da su. Fa'iza ta kawo cokali za ta jujjuya, na buge mata hannu, don in ana damunsa ba ya yin ɓawon nan mai ruwan ƙasa. Da ƙasan ya yi na juya, na jefa man shanu da tafarnuwa ina ɗiba ina zuba masa a kai. Na sauke na bar shi ya huta, ruwansa ya koma jikinsa, sannan na yanka a gicciye, ba bin zaren naman ba. Na Hajiya na bar shi ya ƙara nuna, na san ba za ta so ganin ja a ciki ba.

Muktar ya lumshe ido a lomar farko. Na ce a raina, shi ke nan, rayuwata ta zama littafi. Hajiya ta cinye nata tas, ta goge baki, ta yi murmushi.

"Sannu 'yata, Allah ya yi albarka. Na ce ba, a danginku akwai mahauta ne?"

Na yi dariya. "A'a Hajiya, kakata ce ta koya min."

"Ta wajen uwa? 'Yar wane gida ce?"

Na buɗe baki, sai na tarar ban sani ba.

Da na koma gida na ba Ummana labari ina dariya. Ba ta taya ni ba. Ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa, ta ce in rufe ƙofa.

"A gabanta kika riƙe wuƙa? Innalillahi. Hafsatu, tatsuniyar nan da kike naci, ba tatsuniya ba ce."

Na matso kusa da ita, ta ci gaba.

"Kwana uku bayan baƙin sun tafi aka ba Iya takardar saki. Da ciki ta fito. Ni ce cikin."

"Mijin fa, Umma? Bai ce komai ba?"

"Ya yi kuka, in ji ta. Shi ya ɗaukar mata akwati har tasha."

Na zauna a ƙasa ina kallon hannuna. Shekara da shekaru ina cin naman matar nan ina mata ihu ta ƙarasa, ita kuma tana juya waya tana cewa an ci nama mai daɗi. Umma ta ce addini bai san da wannan ba, al'ada ce kawai, amma al'adar ce ta raba ta da ubanta.

Duk da haka ban karaya ba, don ina da Muktar. Da ya zo zance na faɗa masa komai a cikin mota, ina jiran maganar da na daɗe da haddace masa. Ya murza sitiyari.

"Ni wallahi ban damu ba, Hafsy. Amma kin san Hajiya. Ki ce mata wasa kike, a waya kika koya, kowa a waya yake koyon girki yanzu. Kuma don Allah kar ki ƙara taɓa ɗanyen nama a gabanta."

Na juya na kalle shi sosai. Fuskar ita ce, muryar ma ita ce. A Abuja, a wannan zamani, da digirinsa biyu.

Da Hajiya ta kira ni a waya ta sake tambaya cikin dabara, na ce, "Na bincika, Hajiya. Kakata 'yar mahauci ce."

"Allah sarki," ta ce. "Sana'a ce mai albarka. Ki gaida Ummanki."

Aka ɗaga sa rana, wai sai an ƙara shawara da baffanni. Ba su gama shawarar ba har na ga katin bikin Muktar da wata a wayar Fa'iza.

Ina yarinya na ɗauka abin da Iya take koya mana shi ne mu ji maganar manya, mu riƙe hannunmu. Yanzu na kasa yarda da haka. Wadda take so a ɓoye abu ba ta kama yatsan jikarta ta danna a kai kowace yamma. Ina jin abin da ya rage mata na ubanta ke nan, kuma ta ƙi yarda ya mutu don wasu suna ƙyama. Ko ta san zai ci min aure? Na sha tambayar kaina, wani lokaci har da fushi. Na yi kuka mai yawa, ba zan ɓoye ba, kuma har yau in na ji murya irin tasa a ofis sai gabana ya faɗi.

Watannin baya saƙon Muktar ya shigo, na farko tun bayan bikin. Na buɗe, ina tsammanin nadama ce ta kawo shi. Wai amarya ta gwada gashin nan ya yi tauri kamar takalmi, don Allah wane ɓangare ake saya?

Na daɗe ina kallon wayar. Sannan na rubuta masa ya je kasuwa wurin mahauci, ya ba shi hannu su gaisa, ya tambaye shi da ladabi. Su suka sani.